Suna a Idon Barewa

Wai a can ƙasar Farisa an yi wani gwanin zana ƙananan hotuna da burushin gashin kyanwa. Shehinsa ya ce, "Ɗana, masoyin Allah ba ya sa suna a aikinsa."

Ya ce, "To, Shehi." A ransa kuwa ya ce, "Ni da wahala, wani da yabo?"

Sai ya shiga ɓoye sunansa da mitsitsin rubutu cikin idon wata barewa da ya zana a hoto. Ya ƙura ido yau, ya ƙura ido gobe, har ya makance.

Da jama'a suka taru suna yabon hoton, ya yi ta ihu, "Nawa ne! Ku duba idon barewa!"

Suka duba, suka duba. Suka ce, "Malam, ɗigon baƙi ne kawai."