Saboda Ƙugiya Ɗaya

"An fasa?!"

Zuhra ta miƙe zumbur, har kwamfutar da ke cinyarta ta kusa faɗuwa.

"Inna ta ce kada a kai muku goron tambaya," in ji Mus'ab ta waya, muryarsa a dakushe. "Rabin raina, me ya kai ki rubuta haka?"

"Rubuta me?"

"Abin da kika ɗora a intanet jiya. Khaula ta karanta mata..."

Khaula dai 'yar ƙanwar Inna Hure ce, ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Mus'ab. Zuhra ta buɗe rubutun nata: "Alhamdulillah, na gano yadda zan hana jika!"

Sai ta dafe kai.

Karatunta na jami'a a kan ɗigon ruwa ne. A cikin kwamfuta take jera ƙwayoyin ruwa, ƙananan da ido ba ya gani, ta sake su a kan abu mai tauri, ta ga ko za su baje ko su dunƙule. Burinta buhun da ruwa ba zai ratsa ba, gyaɗar manoma ta daina ruɓewa. Jiƙa take nufi, wayarta ce ba ta da ƙugiya. Khaula kuwa ta san dawan garin sarai, amma ta karanta wa tsohuwar da ba ta yi boko ba yadda ya yi mata daɗi. Ga shi Mus'ab shi kaɗai Allah ya ba Inna.

Kunya ta ce zauna, so ya ce tashi. Da hantsi ta bar Gaya, ta nufi Gafasa, garin su Mus'ab.

Ta tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

"Ke ce mai hana jika?"

"Inna, jiƙa... jiƙa irin ta ruwa."

Ta buɗe kwamfutar, ta nuna mata ƙwayoyin ruwan da ta jera. Inna ta leƙa, ta yamutsa fuska.

"Duwatsun wuya kika zo nuna mini?"

Idon Zuhra ya ciko. Ta waiga, ta tsinko ganyen zogalen da ke bakin randa, ta ɗiga masa ruwa. Ɗigon ya dunƙule, ya gangara ya faɗi, ganyen a bushe.

"Haka nake so buhunku ya yi, Inna. Wallahi iyakarta ke nan."

Inna ta karɓa ta juya ganyen, ta sake juya shi. Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, can kuma dariyar ta koma hawaye.

"Khaula!" Inna ta ƙwala kira.

Ina! Tuni ta sulale ta bayan gida.

"Kwana na yi ina kuka a kan buhu," in ji Inna, tana share ido da gefen zane. "Na ɗauki alhakinki, 'yar nan. Ki yafe mini."

"Ni ce da godiya, Inna, da kika saurare ni."

Da gaske take.

Mus'ab, da tun ɗazu yake laɓe a zaure, ya leƙo.

"Kai kuma ka tsaya kallon me? Je ka ce da Baffanka su shirya, gobe za su Gaya."

Zuhra ta ja mayafi ta rufe fuska za ta tashi. Inna ta riƙo hannunta.

"Zauna, 'yata. Ba baƙuwa ba ce ke a gidan nan."