Motar Marayu

"Ke Dinatu, ajiye tsintsiyar nan ki zo, magana zan yi da ke."

Dinatu ta jingina tsintsiya da bango, ta goge hannu a gefen zani, ta zo ta durƙusa gaban Mama da ke zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa. Asabar ce da hantsi, unguwar Hayin Dogo ta Samaru ta cika da hayaniyar yara da ƙarar injin markaɗe.

"Na ji an ce yau Japheth zai je Sabon Gari zaɓar mota, har da ke za a yi rakiya."

"E, Mama."

"To buɗe kunnenki da kyau. In ya ɗauki ƙaramar nan da kuka daɗe kuna zancenta, na san ke ya zaɓa. In kuwa ya kinkimo mai kujeru bakwai, to ba mata yake nema ba, mai raino yake nema. Ni kuma ban haifi 'yar aikin kowa ba!"

"Haba Mama, marayu ne fa..."

"Marayu? Ni za ki gaya wa marayu?" Mama ta ture tiren gefe. "'Ya'yan wan ubanki uku na goya a bayan nan nawa. Na hana cikina na ba su. Ranar da ubanki ya rasu, wa ya fara zuwa da maganar sayar da gidan nan? Yau shekara nawa, ko a Kirsimeti akwai wanda ya taɓa leƙo mu? Abin da na sha ba za ki sha ba. Ya raba su ga dangi a ƙauye, ko ya nemi wata."

Dinatu ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tabarma. Ta san Mama ba muguwa ba ce, wanda maciji ya sara ne, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malamar firamare ce Dinatu, Japheth kuma ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. A ƙungiyar mawaƙan majami'a suka haɗu, shekara uku suna tare, har an kai gaisuwa an sa ranar aure. Sai ga shi a watan Maris na shekarar 2008, wansa Bernard da matarsa suka yi hatsari a hanyar Kaduna, babu wanda ya shura a cikinsu. 'Yar autarsu Keziya kaɗai aka zaro da rai. Yara huɗu suka bari: Diana mai shekara goma sha biyu, tagwaye maza, da Keziya mai shekara huɗu. Tun daga maƙabarta Japheth ya kwaso su zuwa gidansa, aka ɗaga biki, murmushi kuma ya ƙaura daga fuskarsa.

A filin sayar da motoci na Ejiofor ta same su. Japheth na tsaye da yaran gaba ɗaya, Keziya ta ƙanƙame ƙafarsa. A ƙasa suka tako daga bakin titi, domin tun ranar hatsarin yarinyar ba ta yarda ta shiga ƙaramar mota, ko a bas ma sai an rufe mata fuska tana ihu.

Ejiofor ya shekara ashirin a Zariya, amma har yau Hausarsa ba ta san mace da namiji ba. Ya tarbe ta da fara'a.

"Amarya, ka zo ka gani! Wannan ƙarami, 'yar Kwatano ne, ba ya shan mai, ya dace da sabon aure."

Wata ƙaramar mota ce ja mai sheƙi, irin wadda suka sha kwatantawa a hirarsu ta yamma. Zuciyar Dinatu ta buga. Ta juya ta ga Japheth ko kallonta bai yi ba, ya wuce can ƙarshen fili inda aka jera manyan jif guda uku.

Ta farko ya buɗe ya leƙa ya girgiza kai, kujerun baya sun matse, tagwaye za su yi ta faɗa. Ta biyu tana da faɗi amma ta yi tsayi da yawa, yaro ba zai iya hawa da kansa ba. A ta uku ya daɗe, wata ruwan toka mai layin kujeru uku. Ya ja bel ɗin kowace kujera yana fizga, ya durƙusa ya duba tayoyi da ƙarƙashinta, ya taka birki ya fi sau biyar, ya sa Diana ta shiga ta gwada buɗe ƙofa daga ciki bayan ya danna makullin yara.

"Oga, ka san mota," in ji Ejiofor. "Wannan tafiyarsa laushi kamar ƙaramin mota, amma ƙasansa na da tsawo. Kujeran baya yana kwantawa, ko katifa ka sa. Sai dai gaskiya, yana shan mai."

"Ya sha," in ji Japheth a hankali. "Ni dai in kai su in dawo da su lafiya."

Tagwaye suka faɗa ciki suna tsalle. Keziya kuwa ta fashe da kuka, ta saki ƙafar Japheth ta ruga ta cusa kai cikin zanin Dinatu.

"Anti, kar ki bari a sa ni! Za ta faɗi!"

Dinatu ta ɗauke ta ta rungume, tana jin yadda ƙirjin yarinyar ke dukan uku-uku. Ta zauna a bakin ƙofa, ƙafafunta a waje, tana yi mata waƙar majami'a ƙasa-ƙasa. A hankali ta ja jiki ciki. Sun fi minti ashirin a haka kafin Keziya ta ɗago kai ta dubi rufin motar.

"Anti, wannan kamar ɗaki ce."

"Ɗaki ne mana, 'yar gidana."

Japheth ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Da yara suka koma gefe shan lemo, Dinatu ta gaya masa saƙon Mama, ba ta rage komai ba. Ya juyo ya dube ta.

"Dina, Allah ya sani ban taɓa son wata mace kamar ke ba. Amma Bernard ne ya bar makaranta ya shiga aikin masaƙa a Chikaji don ni in yi karatu. Yanzu in raba 'ya'yansa gida-gida kamar 'yan akuya? Da wane ido zan dube shi ranar tashin matattu?"

"To ni fa, Japheth? Ni ina ka ajiye ni?"

"Sori, Dina. Ba ni da amsar da za ta share miki hawaye. In kin tafi ba zan ga laifinki ba."

Ta daɗe tana kallon jar motar, sannan ta dubi Keziya da ke ɗago mata kwalbar lemo daga nesa.

"Ɗauki babbar," ta ce. "Da ka ɗauki ƙaramar, da na daina ganin girmanka."

Ranar Litinin Mama ta sa aka mayar da kayan gaisuwa. Fasto ya zo, shugabar zumuntar mata ta zo, Mama ta ce ta gama magana. Duk lokacin da jif ɗin ta wuce bakin titi sai ta taɓe baki ta ce, "Ga motar marayu can." Kafin wata guda sunan ya bi unguwa.

Ƙawayen Dinatu suka ce ta je kotu a ɗaura kawai, ai ba yarinya ba ce. Ta ce ba za ta shiga gidan miji da hawayen uwa a bayanta ba. Mama ta fara yi mata zancen wani Henry mai aikin banki, ta ce, "Mama, na bar wanda kika hana, amma ki yi haƙuri, zuciyata ba ta da wurin wani." Ta rame, ta yi baƙi, ta fita daga ƙungiyar mawaƙa don kada su riƙa haɗa ido. Ranar Lahadi in an tashi, sai Keziya ta ratso mutane ta riƙe mata hannu.

"Anti, yaushe za ki zo gidanmu?"

"Sai Ubangiji ya yarda."

"To ki tambaye shi mana!"

Haka za ta koma gida ta rufe ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Wata goma aka yi a haka.

Wata Laraba a cikin Yulin shekarar da ta biyo baya, an kwana biyu ana sheƙa ruwa, Dinatu ta dawo daga makaranta da azahar ta tarar da Mama kwance a ƙofar kicin, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki.

"Mama! Wayyo Allah, jama'a ku taimaka!"

Maƙwabta suka fito. Layin ya zama kogin taɓo. Mai tasi na farko ya leƙo ya juya, na biyu ya shigo ya maƙale tun a bakin layi. Mai acaɓa ya ce ba yadda za a ɗora ta. Dinatu ta danna lambar da ta yi wata goma ba ta kira ba.

"Japheth... Mama ce..."

"Ga ni nan!"

Daga ɗauko yara a makaranta yake, da su ya zo. Jif ɗin ta keta taɓo har ƙofar gida. Ya kwantar da kujerun baya, ya bar tagwaye da Keziya wurin maƙwabciya, aka shimfiɗa Mama. Diana ce ta haye ta ɗora kan Mama a cinyarta, tana goge mata yawu da gefen rigar makarantarta har suka isa asibitin Shika. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Sati uku ta yi a kwance. Cikin 'ya'yan da ta goya, ɗaya ne ya bugo waya. Da aka sallame ta aka ce a riƙa kawo ta gashin ƙashi sau biyu a mako. Japheth bai jira an roƙe shi ba. Duk Talata da Juma'a zai zo, ya sunkuce ta kamar jaririya ya sa a mota, ya naɗe keken guragu ya sa a baya. Bai taɓa tayar da zancen aure ba, gaisuwa kawai ke haɗa shi da Dinatu. Mama kuwa takan kau da kai ta taga, hawaye na bin kuncinta.

Ranar wata Juma'a sun dawo, ya zo zai ɗauke ta, sai ta riƙe masa riga da hannunta mai lafiya. Maganarta ba ta fita sosai, sai an kasa kunne.

"Ja...fet. Kira... yaran."

Suka jeru a bakin ƙofar mota. Mama ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan Diana.

"Na ce... a raba ku. Ku yafe... mini."

Diana ta fashe da kuka ta faɗa jikinta. Mama ta lalubo hannun Dinatu ta ɗora a kan na Japheth.

"Laifin wasu... na ɗora maka. Ku yi... da wuri. Ina so... in gani."

Dinatu ta durƙushe a wurin, kuka ya ci ƙarfinta. Japheth ma sai cewa yake "Na gode, Mama, na gode."

A farkon Disamba aka ɗaura aure. Mama ta zauna a sahun gaba cikin kekenta, sanye da ankon zumuntar mata, Keziya na riƙe da jakarta. Da fasto ya tambaya wa ke ba da wannan mace, ta ɗaga hannun hagu da ƙyar ta ce, "Ni ce." Babu wanda bai share hawaye ba a majami'ar.

Japheth ya ce ba za a bar ta ita kaɗai a Hayin Dogo ba, aka gyara mata ɗaki a gidansu. Kwana arba'in da biyu ta yi a can. Diana ke taje mata kai, tagwaye ke rigimar wanda zai tura keke. Wata safiya bayan an gama addu'a ta ce a ba ta koko, kafin Dinatu ta dawo daga kicin Mama ta cika, kanta a kafaɗar Diana.

Dinatu ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba. Amma a duk lokacin da baƙin cikin ya taso, takan gode wa Ubangiji da bai bar ta ta bi shawarar ƙawaye ba, uwarta ta tafi tana sa mata albarka. Bayan shekara guda ta haifi 'ya mace, yaran nan huɗu suka yi ta gardama a kan wanda ta fi kama da shi.

Haka rayuwa take. Wanda ya ƙi zubar da 'yan'uwansa na jini don ya same ki, shi ne ba zai zubar da ke ba ranar da taki ta same ki. Kuma kada zaluncin da wani ya yi maka ya sa ka rufe ƙofa ga maraya, don ba ka san hannun da zai tallafi kanka a ƙarshe ba. Haƙuri yana da ɗaci, amma mai yin sa ba ya taɓewa.