Takalman da Za a Kai Roni

Sadiya ta ƙura wa wayar ido.

Saƙon ya shigo ne ta shafin Hajiya Uwa, mai shagon kayan lefe a Babura. Tun da Sadiya ta ajiye aikin kamfanin talla a Kano, ta dawo Kazaure ta buɗe nata, ita ke riƙe wa 'yan kasuwa shafukansu. Ta ɗauki hoto, ta ɗora, ta amsa wa masu saye da sunan mai shago.

Ko Jalaluddeen, wanda zai aure ta, bai san shafukan da take riƙewa ba. Ga shi kuwa shi ne ya rubuto.

"Ranki ya daɗe Hajiya, takalman amarya nake so, lamba talatin da bakwai."

Ta kalli ƙafarta. Arba'in take sawa.

Ta daure ta rubuta, "Allah ya sanya alheri. Ina za a kai?"

"Roni, gidan Inna Shatu. Can ake haɗa akwatunan."

Inna Shatu ƙanwar mahaifiyarsa ce, kuma ita ta haifi Asma'u, 'yar siririyar nan da Ya Kura, mahaifiyar tasa, ba ta gajiya da yabonta. Ita kuwa Sadiya, cewa Ya Kura take, yarinyar da ta watsar da albashi ta zauna hira da 'yan kasuwa a waya.

Da la'asar Jalaluddeen ya zo ɗan ofishinta yana murmushi.

"Tauraruwata, yau ko ruwa babu?"

"Ruwan yana Roni."

"Ban gane ba..."

Ta tura masa wayar. Ya karanta, ya ɗago a hankali.

"Ke ce Hajiya Uwa? Ke nake ta ce wa ranki ya daɗe tun safe?"

"Ba dariya na kira ka ba, Jalal. Wa za ka aura?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ke mana."

"Da ƙafar wa?"

"Ya Kura ce ta ba ni lambar. Ta ce ta aika gidanku an karɓo, har da rigar awo."

"Ba wanda ya taka gidanmu."

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ranar da tela ya kawo ɗinkin, Asma'u ce ta gwada. Suka ce don a ga kyansa ne..."

"Ya yi mata daidai?"

Ya gyaɗa kai.

"Ni ba Ya Kura nake zargi ba," ta ce. "Ita ba ta taɓa ɓoye ƙiyayyarta ba. Kai nake zargi. Ko ka sani ka yi shiru, kana jira a kai kayan can, ka zo min da hawaye ka ce an fi ƙarfinka?"

"Wallahi, Sadiya..."

"Kar ka rantse min. Aikina ke nan, na san yadda ake gyara magana ta yi kyau."

Ya miƙa mata wayarta. Sannan ya ciro wayarsa ya kira Baffa Kaumi, ƙanin mahaifinsa kuma waliyyinsa, ya buɗe murya don ta ji.

"Baffa, barka da yamma. Alfarma nake roƙo. Ku je gidan Malam Daudu, mahaifin Sadiya, a sa ranar aurena da ita."

"Mahaifiyarka ta sani?"

"Yanzu zan je in durƙusa in gaya mata da bakina."

"Za ta yi fushi, ɗan nan."

"Na sani, Baffa. Zan yi ta ba ta haƙuri."

Sadiya ta kau da kai don kar ya ga idonta. Ba ta ce ta yarda da shi ba, sai da ta ga dattijan zaune a zauren mahaifinta.

Bayan biki, aka kai ta gaida suruka. Ya Kura ta amsa da kai kawai, idonta a kan wayar da ke hannun amarya, wadda saƙonnin masu saye ke ta shigowa.

Sadiya ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai. Amma ba ta ɓoye wayar ba.