Wuyan Gauraka

Insifekta Jibril bai san tsuntsu ba sai a cikin miya. Shi ya sa da Hajiya Zuwaira ta kawo ƙarar an sace mata gauraka, ya fara tambayar ina kejin.

"Zane ne, Yallaɓai. A littafi."

Littafin gadon kakanta ne a unguwar Shahuci, zanen tsuntsayen ƙasar Hausa da wani Bature ya yi shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce. Ɗinkinsa ya warware, kowane shafi zaman kansa yake. Jami'a ta turo Nazeer yana ɗaukar hotunan shafukan a kwamfuta, sai na gauraka ya yi ɓatan dabo. Hajiya kuwa ta gama shari'arta tun a gida.

"Nazeer ne. A rufe shi."

"Makullin ɗakin fa?"

"Ni da Malam Sule, mai kula da littattafan tun zamanin babana."

Da suka isa ɗakin littattafan, Nazeer gumi kawai yake yi. "Wallahi ran Litinin na ɗauki hotonta na mayar. Ga ta nan." Ya juyo kwamfutar. Tsuntsuwa ce mai tukku kamar zinariya.

Malam Sule ko ɗago kai bai yi daga carbinsa ba. "Ni da hoto? Mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake. Ban taɓa buɗe shi ba."

Insifekta ya buɗe bangon, sai ya ci karo da shafin ƙarshe. An jera littafin daga dama, kamar na Larabci. Bulalar da ya sha a makarantar allo dai ba ta tafi a banza ba.

"Nazeer, haka kake jerawa?"

"A'a, Yallaɓai, daga hagu."

Ya ɗauko shafin shamuwa ya kara da na kwamfuta. A kwamfuta wuyanta lafiya lau. A takarda kuwa, wani siririn layin tawada ya gitta maƙogwaro. Haka belbela, haka zalɓe.

"Malam, wa ke yanka tsuntsayen nan?"

Carbin ya tsaya.

"Hoto in an raba kai da jiki, ya tashi daga mai rai," in ji tsohon a hankali. "Tun da aka baje su a fili na kasa sukuni. Gidan nake tsarewa. Da na zo kan gauraka, tawadar ta ƙwace mini."

Ya zaro shafin daga gafakarsa. Baƙi ya cinye tukkun gaba ɗaya.

Hajiya ta kasa haɗa ido da Nazeer. "Ka yafe ni, ɗan nan."

"Shekara ashirin ina aiki," in ji Insifekta, "yau na fara kama mahauci da alƙalami. Mu je ofis, Baba."

A zaure Malam Sule ya waiwayo, ya nuna kwamfutar da haɓa.

"Yallaɓai, waɗancan fa har yanzu ba a yanka su ba."