Ruwan Wankin Allo

Duk wanda ya san Ɗantala ya san ba karatu ne ya dame shi ba. Buzun babban malami yake so, da hatsin zakka da ake jibgewa a ƙofar mai buzun. Izu arba'in gare shi a ka, amma in yana magana sai ka rantse ya sauke sau goma.

Shekara biyu bayan yunwar Kakalaba aka raba gundumarsu, iyakar ta ratsa tsakiyar garinsu, can kusa da Ɗanzomo. Makarantar garin da gonarta da rumbunanta da Malam Manu mai kula da ita duk suka faɗa gabas. Mutanen yamma suka tashi da ɗalibai sittin, yawancinsu daga ƙauyuka da rugage aka kawo su, ba malami, ba ko damin gero. Gaba ta yi tsanani har aka daina gaisawa a bakin rijiya.

Sajo, dagacin yamma, ya tara dattawa ya ce, "Ɗanmu ba zai sake durƙusa wa mutanen gabas ba. Tamu za mu kafa. Wanda zai ciyar da yaran nan har kaka, shi ne malaminmu."

Ɗantala ya ce shi zai iya.

Sajo ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, Ɗantala? Kai da ɓera ma ya yi ƙaura daga rumbunka?"

Dariyar da aka yi masa ranar ita ta kai shi bayan Maigatari, dab da ƙasar Faransa, wurin wani boka da kowa ke kira Kawu. Da rana tsaka ya isa. Tsohuwar marina ce da aka watse aka bari, ramukanta duk sun bushe sai guda, mai baƙin ruwa wanda ko ƙuda ba ya sauka a kai. An kewaye shi da ƙahonin awaki da tukwane a kife. Kawu na zaune a gefe, hannuwansa shuɗi har gwiwa, alhali an shekara talatin ba a yi rini a wurin ba.

"Malam, ɓatan kai ka yi?" in ji Kawu. "Irinku ai zaginmu kuke yi a masallaci."

"Ba zagi ya kawo ni ba, Kawu. Hatsi nake so, wanda ba ya ƙarewa. Zan kawo baƙin bunsuru, amma ka sani ba na ba da jinin mutum."

"Wa ya roƙe ka jini? Faɗa mini, ruwan da kuke wanke allo da shi, ina kuke kai shi?"

"Mukan sha, ko mu zuba inda ƙafa ba ta takawa."

Kawu ya jawo wani tulu, ya tsoma shi cikin baƙin ramin sau uku, ya shafe bakinsa da toka, ya sa Ɗantala ya tofa yawu a ciki. "Ka binne shi ƙarƙashin rumbunka, ka bar bakin a buɗe. Daga yau nan za a riƙa zubawa."

"Ruwa kawai?"

"Abin da aka wanke kawai."

 Ɗantala ya san abin da ke cikin ruwan nan, ya fi Kawu sani. Amma ya tuna fuskar Sajo, ya rungumi tulun.

Kwana uku rumbu ya cika da gero. A ɗiba da safe, kafin la'asar ya koma baki. Sajo da kansa ya shimfiɗa masa buzu. Ɗantala ya yi rawani, ya yi doki, ya gina soro, har ya aika wa Malam Manu dami goma wai a taimaka wa talakawan gabas. Kai, mutumin nan ya yi rashin kunya!

To, a makaranta ba a wanke allo sai ɗalibi ya haddace abin da ke kai. Sai ga shi yaro ya biya karatunsa tsaf da safe, a wanke, washegari a tambaye shi ya tsaya yana zare ido. Ɗantala ya yi ta zane su da dorina. Ya gane dalili sarai, amma ya ci gaba da zubawa, don in rumbu ya faɗa buzu ya tafi.

Daga nan abin ya shiga gidansa, inda aka fi cin geron. Mahaifiyarsa Kyauta ta fita neman itace ta manta hanyar gida. Bayan kwana uku aka tsinci gawarta a gonar da ta shekara arba'in tana nomawa. Matarsa Safara'u ta dubi jaririyarsu Zinariya ta ce, "Malam, 'yar wace ce wannan? A mayar wa uwarta, kuka take yi." Ta ƙi ba ta nono, in an matsa mata sai ta yi ta ihu tana yagar zane. Ɗantala ya ɗaura sirdi zai koma wurin Kawu, ya yini yana kewaya daji bai tuna hanya ba. Ya dawo ya tarar yarinyar ta cika.

Aka ajiye 'yar gawar, jama'a suka yi sahu, ya shige gaba. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara, babu. Ya lalubi Fatiha, babu. Izu arba'in ɗin nan ko wasali ɗaya bai rage ba. Ya tsaya hannuwa a sama yana gumi, har Sajo ya sunkuyar da kai ya ce a je gabas a roƙi Malam Manu ya zo ya sallaci yarinyar.

Manu ya zo, ya yi salla, ya kwashe ɗalibai ya koma da su tun daga babbaƙu. Da aka buɗe rumbun, toka ce cike da shi.

Ɗantala ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana zaune a kangon soronsa, bai san ma abin da ya yi ba balle ya tuba. Kai da kake hangen kujerar da ba ka isa ba, har kake ganin akwai abin da za ka bayar ba ka ji ciwo ba, ka ji yadda ya ƙare. Ranar mutuwarsa Manu ya durƙusa a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ɗantala ya buɗe ido ya dube shi, ya ce, "Bawan Allah, wane yare ne wannan?"