Tsagen Hajiya Balki

A tashar Matameye suka fara ganin juna, wata ranar Laraba da hantsi, kowa riƙe da ƙunshin da ba nasa ba.

Hanifa mai kwalliyar amare ce. Ta yi sautun burushi daga Kano, da ta kwance ledar sai ta ga wasu manya masu kaushi, irin na shafa fenti. Tana cikin yi wa direba faɗa wani dogon saurayi ya matso, hannunsa duk ɗigon shuɗin fenti, yana jujjuya wani burushi mai laushi kamar jelar kyanwa.

"Malama, ina jin wannan naki ne. Na gwada shi a allon wani shago, ya ƙi aiki."

"Ka gwada?" Ta zaro ido. "A fenti?"

"Wasa nake. Ko taɓa bakinsa ban yi ba."

Direba ya ce shi dai burushi aka ce masa, burushi ya kawo. Suka yi musaya suna dariya. Sunan saurayin Marwan, shi ke rubuta allunan shaguna tun daga Matameye har Kance. Kafin su rabu ya karɓi lambarta, wai ko direba zai sake kuskure.

Direba bai sake ba, amma saƙo bai yanke ba, har ya koma kiranta Sheri, wato masoyiya da Faransanci.

"Sheri, yau na rubuta sunan wani shago, sai na ga na fara da H. Mai shagon sunansa Lawwali."

"Ka goge tun bai gani ba, Mai Fenti. Ni ba na biyan tarar soyayya."

Da yamma yakan zo zance ya tarar tana wanke kayan aikinta. Takan jera su a kan tsumma mai tsabta, babban na hoda, mai faɗin baki na kumatu, siririn na gira, sai soso. Ta nuna masa yadda take haɗa hoda mai ruwa kala biyu a bayan hannunta, ta ɗiga a muƙamuƙi, ta jira ta ga ko ta ɓace cikin fata.

"In ana ganinta, ba ta yi ba," in ji ta.

Wata shida ana haka, Marwan ya kai maganar gida. Mahaifinsa Alhaji Illa bai ƙi ba. Mahaifiyarsa Hajiya Balki ce ta ɗaure fuska, kuma tana da dalili. Bara da aka kai autarta Nafisatu ɗaki a Dungu, wata mai kwalliya ta shafe yarinyar da farar hoda, fuska fes kamar alli, wuya baƙi. Hajiya ta shiga ɗakin amarya ta ce, "Ina Nafisatun?" alhali ga ta zaune a gabanta. Mata suka tuntsire da dariya, har yau ana tsokanarta da zancen.

"Masu sauya halittar Allah ba za su shigo mini gida ba," ta ce. "In tana sonka, ta ajiye wannan sana'a."

Sai Marwan ya yi abin da bai kamata ba. Ya rubuta wa Hanifa:

"Sheri, ki ce wa Inna kin bari. In an ɗaura aure sai ki ci gaba a hankali, ba wanda zai sani."

Amsa ta zo nan take.

"Ashe haka kake kallona, Marwan? In shiga gidanku da ƙarya a bakina? Da burushin nan na tsaya da ƙafata, ba zan ɓoye shi kamar kayan sata ba. In an ce ka ajiye naka, za ka ajiye?"

Kwana huɗu ba ta ɗauki wayarsa ba. Ranar na biyar ya rubuto:

"Na yi kuskure, Hanifata. Tsoron rasa ki ne ya sa na faɗi abin kunya. Na gaya wa Inna gaskiya, cewa ba za ki bari ba, ni kuma ba zan nemi wata ba."

Da ta karanta saƙon, sai ta amsa: "Ka roƙar mini izini in zo in gaishe ta."

Ranar Juma'a bayan la'asar ta yi sallama gidan Alhaji Illa, ƙaramin akwatinta a hannu. Ta tarar da Hajiya a tsakar gida tare da ƙanwarta Tanti Anisa. Ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata.

Hajiya ta dubi akwatin. "Da kayan faɗan kika zo?"

"Da su na zo, Hajiya. Ina roƙon abu guda. Ki ba ni aron fuskarki na ɗan lokaci. In kika duba madubi ba ki gane kanki ba, na haƙura da Marwan, ba za ki sake jin sunana ba. Sana'ata kuwa, ki gafarce ni, ko ta yaya ba zan bari ba."

Tanti Anisa ta tafa hannu. "Yaya, yarinyar nan ba ta da tsoro! Ba ta mana. Ko kina jin tsoron mu ce ina Balkin?"

"Rufe mini baki, Anisa." Hajiya ta gyara zama, ta tura kallabi baya. "Bismillah. In ga ƙaryar zamani."

Hanifa ta buɗe akwatinta. Ta goge fuskar da auduga. Ta haɗa kala a bayan hannunta sau uku kafin ta samu wadda ta dace da baƙin Hajiya mai sheƙi, ta dinga dangwalawa da soso a hankali, ba gogawa.

A kowane kunci na Hajiya akwai tsage, dogaye, irin na gidansu. Da Hanifa ta iso wurin sai ta ajiye soson, ta ɗauki siririn burushi, ta bi gefen kowane layi, ba ta bari ko ɗigo ya faɗa ciki ba. Wannan kaɗai ya ci rabin lokacin.

"Hajiya, ina tandun kwallinki? Naki nake so, ba nawa ba."

Aka kawo. Ta zizara mata da tsinken da ta saba da shi, ta kaɗe ragowar hoda da babban burushi, sannan ta miƙa madubi da hannu biyu.

Hajiya ta duba. Ta juya dama, ta juya hagu. Ta kai yatsa ta shafa kuncinta.

"Ba ki rufe tsagen ba."

"Na iyayenki ne, Hajiya. Wane ni in rufe?"

Hajiya ba ta sauke madubin ba, da ta yi magana kuma muryarta ta sauya.

"Anisa, zo ki ga Innarmu."

Tanti Anisa ta leƙa ta kafaɗarta, ta kama baki. "Wallahi ita ce. Ranar sallah, in ta yi ado."

Hajiya ta ɗaga kai sama don kada hawaye ya ɓata kwallin. Can ta dubi Hanifa, wadda har yanzu ke durƙushe.

"Bakinki da kaifi, 'yar nan. Amma hannunki ba ya ƙarya. Tashi. Ki ce wa Malam Ɗanjuma, babanki, Alhaji na nan tafe."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Hanifa da kanta ta yi kwalliyarta, kuma duk wanda ya shigo ɗakin ya gane amarya tun daga bakin ƙofa. Da aka kawo ta gaban uwar miji don nasiha, Hajiya Balki ta kama hannunta na dama, ta ɗora a cikin na Marwan.

"Ga ta nan, da ita da sana'arta, amana ce a wuyanka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu gaskiya irin ta uwarsu."

Mata suka rangaɗa guɗa. Marwan ya sunkuyo ya ce a hankali, "Amin, Sheri."

Daga ƙarƙashin mayafi Hanifa ta matse hannunsa, ta ce, "Amin."