Katin Talatu

A Zangon Kumasi an yi wata yarinya 'yar aji biyar mai son bin diddigi. In ta ga akwati a rufe, hankalinta ba ya kwanciya sai ta san abin da ke ciki.

A shekarar nan ne aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Gidaje da yawa suka ɗaure kaya suka tafi. Da aka koma makaranta, bencina duk sun yi fili. Sai aka ce a haɗa aji biyar na sama da na ƙasa su zama ɗaya.

Kowane aji yana da akwatin kati, kowane ɗalibi da nasa. Malam Munkaila, malamin ajin, ya ɗora akwatunan biyu a kan tebur. Kafin ya nemi mai taya shi, yarinyar ta riga ta ɗaga hannu.

Ya nuna mata abin da ke jikin kati: suna, sunan uba, ranar haihuwa, garin haihuwa da unguwa. Ya ce ta cire na waɗanda suka tafi, ta jera sauran a akwati ɗaya. Daga nan zai kwafi sabuwar rajista.

Aikin ya yi mata daɗi ƙwarai. Ashe wane a Salaga aka haife shi! Tana cikin karantawa sai ta ga Wahabu Buraima sau biyu.

"Tica, Wahabu biyu ne?"

Malam ya duba da kyau. Ya ce mutum ɗaya ne, bara ya canja aji shi ya sa. Ya kwafe abin da babu a kati ɗaya daga ɗayan, ya yage tsohon.

Can aka kira Malam ofis. Yana fita ta ci karo da Fusena Gariba, ita ma sau biyu. Ta ce a ranta ai ta gane kan aikin. Fusena ɗaya ta sani, ƙawarta ce ma. Ko ƙasan katin ba ta duba ba, ta yage ɗaya ta jefa a kwandon shara.

Ranar Litinin Malam ya kira suna. Kowa ya amsa ya sami wurin zama. Saura yarinya ɗaya daga ajin ƙasa, wadda kowa ke kira Talatu. Tana tsaye a bakin ƙofa, rungume da jakarta.

"Tica," in ji Talatu a hankali, "mu ma za a kore mu ne? Babana yana da takarda fa."

Malam ya tambaye ta sunanta na yanka. Ta ce Fusena, babanta kuma Gariba. Talatu sunan rana ne kawai.

Nan take yarinyar da ta jera katunan ta gane katin Talatu ta yage. Amma kunya ta rufe mata baki. Malam ya zaunar da Talatu a gefe, ya ce zai bincika.

A gida mai jera katunan ta kasa cin waake, dafa-dukan shinkafa da wake da ta fi so. Mahaifiyarta ta matsa mata har ta faɗi komai.

"Kin tambaya a na farko, me ya hana ki a na biyu?" in ji uwar. "Gariba nawa ne a Zangon nan? Akwai tela, akwai mai goro. Kama da wane ba wane ba ne."

Washegari tun kafin a buga ƙararrawa ta sami Malam.

"Tica, ni na yage katin Talatu. Na zaci irin na Wahabu ne."

Malam bai yi faɗa ba. Ya ce sharar an riga an ƙone ta. Ya miƙa mata sabon kati, ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara.

Da aka tashi ta bi Talatu har unguwarsu Dichemso a ƙafa, rana na dukansu. A hanya ta ba ta haƙuri. Talatu ta ce jiya ko barci ba ta yi ba don tsoro. Wannan magana ta fi bulala zafi a wurin yarinyar.

Suka tarar da baban Talatu, Gariba tela, a kan kekensa. Ta yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa. Har dariya ya yi, ya ce ko ɗan sanda bai kai ta tambaya ba.

Da safe ta ajiye katunan biyu gefe da gefe. Suna ɗaya, amma rana daban, unguwa daban.

Malam ya buɗe rajista. "Fusena Gariba ta Sofoline." Ƙawarta ta amsa. "Fusena Gariba ta Dichemso."

"Ga ni, Tica!" in ji Talatu da ƙarfi, har 'yan aji suka yi dariya. Yarinyar ta matsa mata wuri a bencinta.

Tun daga ranar ta koyi darasi. Kafin ka ce abu biyu ɗaya ne, duba su har ƙarshe. In ba ka tabbata ba, ka tambaya, don matambayi ba ya ɓata.